Abdullatif da Rubutun da Ya Ƙi Wankuwa

Adda Hassana, mai fura a bakin tashar Kankiya, ita ta fara yi mani maganar Abdullatif. Ina zaune ina jiran motar Kusada, zabirata bisa cinya, ta ce, "Wanzam, ɗan Hannatu shina ta cigiyarka. Wai kai kaɗai ke shiga wurin mutanen gawo." Na ce wace Hannatu? Ta ce mai awara, matar masinjan ƙaramar hukuma da ya rasu. Ta nuna mani wata rumfar kwano da wayoyi jere ana caji.

Ki rubuta yadda na faɗa, Rauda jikata, kada ki gyara mani magana.

Yaro ne dogo, siriri, mai ɗan duƙo saboda yawan sunkuyawa bisa waya. Ubanshi ya rasu shina ƙarami, awarar uwarshi ta kai shi har ya gama sakandare, daga nan bai samu wucewa gaba ba. Ya koyi gyaran waya, ya kafa rumfa. Abin da aka san shi da shi a tashar nan shi ne, in ya ce maka ka dawo da la'asar, to da la'asar wayarka ta tashi. In ba zai iya ba, tun farko zai miƙo maka abarka. Lokacin da na san shi shina zuwa wani ajin koyon kwamfuta da yamma.

Su mutanen gawo, ba su suka sa ma kansu sunan ba. Wani tsohon malamin allo ne, Malam Ma'aruf, ya yi doguwar jinya, da ya tashi sai ya ce hayaniya ta cinye zukatan mutane. Ya koma wani kufai bayan ƙauyen Kaikai, inda gawo ya yi yawa, wasu gidaje suka bi shi, har da ƙanena Rufa'i. Sallarsu irin tamu ce, alƙibla ɗaya, azumi ɗaya. Amma ba su shiga kasuwa, ba su riƙe waya, ba su cin abin da ba hannunsu ya noma ba, kuma daga la'asar zuwa magariba babu mai buɗe baki, ko jariri ya yi kuka sai dai a jijjiga shi. Ni sun bar ni ina shiga don gashin kai ba ya daina tsiro, kuma ana haihuwa. A gari kuwa kowa da abin da yake faɗa a kansu.

Abdullatif ya ce mani, "Baba Wanzam, malaminmu ya ce kowa ya gina shafi guda na intanet a kan wani abu na yankinsu da ba a taɓa rubutawa ba. Ni su nake so. Ana ta yi masu ƙarya."

Na ce, "Kai mi ya dame ka da ƙaryar da ake masu?"

Ya ce, "A rumfata ake yin ta, ina ji."

Muka hau mashin ɗinshi ran da zan yi masu aski. Malam na zaune bisa buzu, ya saurari yaron har ya gama. Sannan ya ce, "Wanga rubutu naka, bisa mi ake yin shi? Takarda?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Bisa gilashi yake fitowa."

"Shina wankuwa?"

Abdullatif ya yi murmushi, ya ce, "Da yatsa ɗaya ake goge shi."

Malam ya ce, "To allo ne ke nan. Allo ba ni da faɗa da shi. Ɗalibi ya rubuta, malami ya duba, a wanke. Takarda ce ba ni so, tana yawo bayan mai ita ya mutu." Ya miƙa hannu baya ya jawo allonshi, wani tsoho da ya yi santsi, kanshi naɗe da fata, wankakke fes. Ya ce, "Riƙe wanga. Ka tambayi abin da kake so. Malaminka ya gani, ka wanke naka, ran nan ka maido mani nawa. Ka yarda?" Yaron ya karɓa da hannu biyu ya ce ya yarda. Ina wurin, askata a hannu. Har yaron ya nemi ya ɗauki hoton babban gawon, Malam ya ce itace ba ya da kunya, ɗauka.

Na ga ginin shafin da idona, don ina yi ma maƙwabcinshi mai faci aski a bakin rumfar. Gefe guda gilashin baƙi ne, da rubutu cike da wasu alamomi kamar kan kibiya. Kin ce sunanshi HTML, to sa haka. Ɗaya gefen kuwa sai abin ya fito tsaf, babban suna a sama, bayani a ƙasa, ga gawo a tsakiya. Ya nuna mani da yatsa, ya ce, "Baba, nan shi ne kai, nan gangar jiki."

Na ce, "Kan nan naka ba ya buƙatar aski?"

Ya ce, "Shi dai kada ka kusance shi da askar nan taka ta zamanin Bature."

Ya ce kuma duk abin da ka buɗe a rubutun sai ka rufe shi, in ka manta guda ɗaya sauran duk su karkace. Ya karanta mani abin da ya rubuta. Babu zagi, babu yabo. Ya faɗi yadda suka fara, da abin da suke ci, da shirun la'asar, da cewa sallarsu ba ta bambanta da ta kowa ba. A hoton, can gindin gawon, ana hango bayan Malam da farin rawaninshi, ɗan ƙarami. Shi kanshi bai lura ba sai daga baya.

Nashi ya fi na kowa kyau a ajin. Shi ya sa malaminsu ya ɗora shi inda duk mai waya zai iya buɗewa, don a ga ƙoƙarin ɗalibanshi. Da Abdullatif ya ji, ya je ya roƙe shi, aka sauke a ranar. Da yatsa ɗaya, kamar yadda ya faɗa. Amma kafin nan wani ya riga ya ɗauki hoton shafin a wayarshi. Wani ya yanke bayanin, ya bar suna da gawo da rawanin Malam, ya rubuta a sama cewa wata sabuwar ƙungiya ta ɓulla a Kusada, jama'a a yi hattara. Kafin kasuwa ta zagayo, har 'yan achaɓa na nuna ma juna.

Daga nan kufai ya daina zama kufai. Samari su zo da la'asar, daidai lokacin shiru, su tsaya da wayoyi suna tsokana don su ga ko wani zai tanka. Masu wa'azi suka zo da lasifika. Hukuma ta turo a yi tambayoyi, ba ta sami komi ba, amma mutane sun ga motar ta shiga. Waɗanda suke ɗiban ruwa rijiya ɗaya da su suka ce a raba guga.

Allon na rataye a rumfar Abdullatif, cikin buhu, bayan batura. Na ce mashi, "Ka goge naka, ai ka cika. Tashi mu kai." Ya ce, "Baba, in ya tambaye ni an wanke, in ce mi? Ga shi a aljihun kowa."

Sai ya ɗauko wani aiki da babu mai gama shi. Duk wayar da aka kawo gyara ko caji, sai ya ce ma mai ita, "Don Allah, in akwai hoton nan na gawo, ka bar ni in cire." Wasu su bari. Wasu su ce mi ya shafe shi da cikin wayarsu. 'Yan tasha suka sa mashi suna Mai Wanki. Akwai wani kwandasta, Kabir, da ya mai da abin wasa. Ya kawo waya da safe a goge, da rana ya sa abokinshi ya sake turo mashi, ya dawo shina dariya, ya ce, "Mai Wanki, ta sake yin dauɗa. Ko omon naka ne ba ya da kyau?" Abdullatif ya karɓa, ya goge, ya miƙa mashi. Bai taɓa zaginshi ba. Ni na zage shi a madadinshi.

A gari aka fara cewa ya zama ɗan gawo, shi ya sa yake kare su. A masallaci wasu su matsa in ya tsaya kusa. A kufai kuma ƙanena Rufa'i ya ce mani kada in sake kawo yaron nan, shi ya jawo masu. Hannatu ta same ni har gida tana kuka a hankali, ta ce wani ɗan ajinsu ya samo mashi aiki a Kano, shagon kwamfutoci, amma Abdullatif ya ce ba ya barin Kankiya da allon mutum a hannunshi. Ta ce, "Baba, ku da yake jin maganarku." Na yi magana. Ya saurare ni da ladabi, ya ci gaba da kwance wayar da ke gabanshi.

Da na ga haka, ran aski na faɗa ma Malam da kaina. Na ce, "Allah gafarta Malam, abin nan ba allo ba ne. Yaron ya goge nashi, amma ya riga ya haihu a hannun mutane. Ba ya wankuwa."

Malam ya bari na gama gefen kanshi, sannan ya ce, "Wanzam, ba kai ka ce mani shina wankuwa ba. Wanda ya faɗa, shi zai zo ya ce mani ba ya wankuwa. Ban riƙe shi da komi ba. Ya zo da bakinshi kawai."

Na kai ma Abdullatif wagga magana ina murna, na ɗauka an kwance shi. Ya ce, "Bari in ƙara ragewa tukuna." Damina ta shigo shina ragewa, aka yi huɗa shina ragewa. Ni dai abin da na fahimta, kunyar tsohon ce ta fi ƙarfinshi. Ya ga yadda aka mai da wurin, ba ya iya tsayawa gaban buzun nan ya ce abin da na faɗa maka ba haka yake ba.

Sai bayan an yanke gero ya zo ya same ni, buhun ɗaure a bayan mashin. Ya ce, "Baba, hau mu je. Zan faɗa mashi." Muka je. Babu kowa. Sun kwashe amfaninsu, sun cire jinkar ɗakuna, sun share wurin kamar za a yi baƙi. Ko Rufa'i bai bar mani sallahu ba. Wani makiyayi ya ce ya ga jakunansu sun yi arewa.

To ina za ka nemi mutanen da ba su shiga kasuwa, ba su riƙe waya? Ya bi ƙauyuka ran da ba ya da aiki, shina kwatance da baki, babu wanda ya gane. Ƙarshe wani mai shayi ya ce mashi, "Ba ka da hotonsu ne?" Shi kuwa ya goge nashi tun ranar farko. Dole ya je wurin Kabir kwandasta ya ce ya turo mashi. Kabir ya buɗe baki zai yi ba'a, ya dubi fuskarshi, ya fasa, ya tura. Abdullatif ya faɗa mani cewa duk wanda ya nuna ma hoton sai ya ce, "Kai, turo mani in gani da kyau." In ya ƙi, ba su taimaka mashi. In ya tura, ya ƙara waya ɗaya. Ya dawo ya zauna a rumfa, bai san wanne zai bari ba, neman ko gogewar.

Haka ya yi shekarun da suka rage mashi, kuma ba su da yawa. Bai yi aure ba. Ajin kwamfutar ma bai koma ba, ko da yake malamin ajin ya zo har rumfa ya ba shi haƙuri. Mutane sun manta da mutanen gawo, wasu hotunan sun zo sun rufe wancan, amma shi in ka kawo waya sai ya tambaye ka. Zazzaɓi ya kama shi cikin wata damina, aka kai shi asibiti. Na je duba shi, ya ce mani wani direban da ke zuwa Maraɗi ya ba shi labarin wasu baƙi da suka sauka bayan iyaka, ba su magana da la'asar. Ya ce, "In na tashi, Baba, sai mu je. Ka riƙe mani ranar." Na ce na riƙe. Bai tashi ba. Allah Ya jiƙan shi, Ya sa ya huta.

Bayan addu'ar bakwai Hannatu ta aiko mani da buhun, ta ce ita ba ta iya kallonshi. Shi ne wancan da ke rataye bisa ƙusa, wanda na hana ku taɓawa. Direban na neme shi, an ce ya canza hanya. Ni kuma ƙafafun nan ko masallaci sai da sanda. Ban san ko Malam Ma'aruf na da rai ba, ban san ko Rufa'i na da rai ba.

Ki rubuta a ƙarshe cewa allon na nan Kusada, gidan wanzam, ba a kai shi ba. Duk wanda zai kai, akwai magana da ke tafiya tare da shi: Abdullatif ɗan Hannatu ya ce a faɗa ma Malam, ba ya wankuwa.