Kilen Kawu Ya Ƙi Tada Ordinata

Yau da hantsi na soka kilen USB na marigayi Kawu a ordinatar wani malamin lekol, wato kwamfutar malamin makaranta, don in tada ta, sai allon ya tsaya baƙi ƙirin.

Kawu ne ya raba kilen gida biyu a shagonsa na bakin kasuwa: rabi na tada ordinata, rabi na hotunan gidanmu da muryarsa. Ina tuna ƙamshin shayinsa, da yadda yakan riƙe mani hannu kafin in danna komai.

"Dakata, ɗana. In za ka gyara wurin tayarwa, kwashe ɗaya rabin tukuna."

Yau ɗaya rabin ma ya ƙi buɗuwa. Gyaran kuma, kuskure kaɗan zai shafe duka. Yatsana na bisa maɓalli, babu mai riƙe shi.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya bar mani muryarka.