Ruwan rijiyar tsohon Zongo

Mma, wato mahaifiyata, ba ta san ma'auni ba. Hannunta ne awonta. Da shinkafa kaɗai za ta ciyar da gida mako guda ba ta maimaita girki ba: yau tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, gobe dafa-duka da busasshen kifi, Juma'a masa. Amma abin da aka san ta da shi a tsohon Zongo shi ne wake da shinkafa, wanda Minawa, 'yan ƙasar wurin, ke kira ayimolu. Tana dafa shi da karan dafi har ya yi ja jawur. 'Yan dako daga kasuwar Assigamé har layi suke yi a ƙofarmu, mu kuwa muna kokawa a kan ƙanzon tukunya. Wallahi har yau ina jin ƙamshin nan a hancina.

Sai gwamnati ta ce Zongo ya tsaya wa gari a wuya, a tashi. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, wa ya isa ya ce uffan? Aka rushe, aka kwashe mu zuwa bayan gari can arewa. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi.

A sabon wuri Mma ta ɗora tukunya kamar kullum, abinci ya fito salam. Ta ƙara gishiri, ya yi yawa. Ta ƙara kanwa, ya yi bauri. Jan ma ya koɗe. Masu saye ba su ce komai ba, ita ce ta kasa yafe wa kanta. Wata safiya ta kife tukunyar ta ce hannunta ya mutu, kada wanda ya sake yi mata zancen girki. Matar da ba ta iya zama, sai ga ta a tabarma tun safe tana kallon bango. Ta rame, na tsorata ƙwarai.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne kayan zaƙinta ba su canza ba. Nakiyar da ta yi wa maƙwabciya da zuma da citta ta fito daidai, kunun shinkafa da madarar gwangwani ma haka. Ina wanke ƙwarya sai na tuna cewa a tsohon gida, in za a yi kayan zaƙi, famfo ake aiken mu, don ruwan rijiyarmu yana da ɗan gishiri-gishiri saboda kusancin teku. Sauran girki duk da ruwan rijiya ne. Sabon wuri kuwa, nesa da teku, ruwansa ba gishiri ko kaɗan.

Na ɗauki jarka na hau mota zuwa gari. Rijiyarmu an cike ta, ko alamar gidan ban gane ba. Wata tsohuwa Bamina da ke kusa, wadda ta daɗe tana sayen masar Mma, ta ba ni ruwan rijiyarta. Har dariya ta yi min, wai yanzu 'yan Zongo ruwa suke zuwa ziyara.

Da na kawo, Mma ta fara da faɗa, wai na ɓata wuni a kan shirme. Na ce ta dai ɗanɗana. Ta kurɓa, ta riƙe shi a baki. Sai ta ce in miƙo mata karan dafi.

Ranar tukunya ta yi ja kamar da. Muka ci har muka kankare ƙanzo, ni ina ta murna ina cewa ai ga shi, hannunta lafiya lau. Ita kuwa loma ɗaya ta yi ta ajiye.

"Shekara da shekaru ana yabon hannuna," in ji ta. "Ashe rabin girkin Zongo ne yake yi min, ban taɓa ce masa na gode ba."

Ta koma girki, a hankali ta koyi ruwan sabon wuri. Ragowar na jarkar kuwa ba ta dafa komai da shi ba. Kurɓa ɗaya take yi da safe, har ya ƙare.