Benda Mai Lanƙwasa Rodi

A wajen gini kowa Benda yake ce masa. Wani injiniya ne ya laƙaba masa sunan tun yana saurayi, ya kuma yi shekara goma yana amsawa kafin ya tambayi ƙanwarsa, wadda malamar makaranta ce, abin da yake nufi. Ta ce daga kalmar Turanci ta lanƙwasa aka samo shi. Da ita ake kiran kwanar hanya, da ita ake cewa mutum ya sunkuya, har wanda aka matsa wa ya sauka daga ra'ayinsa.

"To ni dai na ƙarfe ne, ƙanwata," ya ce yana dariya.

Ya kuwa iya ƙarfen. Zai ɗora rodi a kan benci, ya zura masa bututu, ya ja da dukan jikinsa, zoben ginshiƙi ya fito cif, ba sai an sa tef ɗin awo ba. Shekara ashirin da takwas yana wannan ja. Da shi ya yi aure, da shi ya rufe ɗaki biyu.

Ciwon baya ya daɗe yana cinsa, yana ɓoyewa. Wata safiya ya ja rodi mai kauri, sai ya ji ƙas a ƙugu, ya zube a kan yashi. Likita ya duba hoton ƙashin, ya ce bayan nan ba zai ƙara miƙewa sosai ba.

Wata huɗu yana kwance. Ranar da ya lallaɓa ya koma, sai ya tarar da inji a ƙarƙashin rumfarsa, yana naɗe rodi kamar igiya.

"Baba Benda, ya jiki?" in ji ɗan kwangila. "Ka dai ga abin da aka kawo."

"Ko ɗaure rodi da waya ne, yallaɓai, a ba ni."

"A saman bene ake yinsa. Za ka iya hawa tsani?"

Ya so ya ɗaga kai ya dubi benen, wuyan ya ƙi.

A gida ya ce wa matarsa an ce ya leƙo wani mako. Da makon ya zo, sai ya ce mata an mayar da shi aiki. Har yau kullum da safe takan miƙa masa kwanon abincinsa, ya fita a duƙe, ya je ya zauna a kan dakalin tashar mota har la'asar.