Warin Fetur a Rigar Hajji Du'aij

Da na dawo Kuwait daga karatu, ban ɗauki gardamar nan a bakin komai ba. Duk zauren hirar da masu tsofaffin motocin Amurka ke taruwa, sai ka tarar an rabu gida biyu: masu cewa a zauna a daidaita kaburetar da kwamfuta ke juyawa, da masu cewa a tsige kwamfutar a huta. A ganina surutun waɗanda cikinsu ya cika ne. Har yau ban gama sakin wannan ra'ayi ba, amma labarin Thamir ya sa na rage dariya.

Thamir ma'aikaci ne a ofishin ruwa, mutum mai sanyin hali, mai 'ya'ya uku da ɗan tumbi, ana kiransa Bu Nawaf. A unguwar Rumaithiya yake, gida ɗaya da iyayensa, shi a sama su a ƙasa. Motar da yake tuƙawa ta mahaifinsa ce, Hajji Du'aij: baƙar Monte Carlo mai ƙofa biyu. Ya saye ta bayan yaƙin da aka mamaye ƙasar aka kwashe motocin mutane, lokacin da jiragen ruwa suka riƙa sauke na hannu daga Amurka. Shi ya sa ta zo da kwamfuta a gefen ƙafar fasinja, da wayoyi cunkus a kan injin. Daga wannan shekarar kuma ƙirjin Hajji bai sake zama daidai ba, saboda hayaƙin da ya shaƙa na rijiyoyin mai da aka cinna wa wuta a yaƙin.

Da idanun tsohon suka raunana sai ya miƙa wa Thamir makulli, ba tare da wani sharaɗi ba. Al'ada ce kawai ta ɗore. Kowace Juma'a, bayan an ci shinkafa da kifi an ɗan kishingiɗa, Hajji zai sa farar rigarsa, ya turara ta, ya shiga gaba. Su bi titin bakin teku a hankali, su tsaya su sha shayi daga fulas, tsohon yana nuna inda kwale-kwalen kakansa ke tsayawa a da. Ban da masallaci, wannan ce kaɗai fitarsa a mako.

Sai motar ta fara shaƙewa. Ta mutu a gindin fitilar hanya, ta yi gardama da safe. A zauren hira kuwa abokai suka samu abin yi.

"Bu Nawaf, jiya na wuce ka a hanya, na ɗauka tsayawa ka yi," in ji Jassar, abokinsa tun makaranta, wanda tasa motar ke girgiza tagogin unguwa. "Wallahi akuyar kakata ta fi ta sauri."

"Kakarka ba ta da akuya."

"To ka gani, ko wadda babu ta fi ta! Kwamfutar da aka yi wa ƙasar ƙanƙara, me ta sani game da zafinmu? Cire ta, mutumina, ka ji muryar motarka ta gaskiya."

Thamir ya kai ta garejin Usta Garabet a Shuwaikh, wani tsohon bakanike Ba'armeniye da ya san motar tun tana hannun Hajji. Garabet ya leƙa, ya taɓa nan da can, ya ce robobin iska sun tsattsage, wani ɗan ƙarfe a cikin kaburetar ya gaji. A bar masa ita, zai yi ta juya sukurori kaɗan-kaɗan har allurar ma'auninsa ta zauna.

"Yaushe za ka gama?"

"Ranar da ta yarda. Kana sauri ne? Aure za ka ƙara?"

"Usta, kowa cire kwamfutar yake yi."

"Kowa kuma wari yake yi. Ni ba na yanke hannu don ƙaya ta shiga yatsa. Ga gareji can gaba, za su yi maka kafin shayinka ya huce."

Can gaban ya tafi. Suka cire kwamfutar, suka sa sabuwar kabureta mai ƙyalli, suka yanke tukunyar da ke tace hayaƙi a salansa, da gwangwanin da ke kama tururin fetur. Da suka tambaye shi ko yana son tarkacen, ya ce su zubar. Ranar da ya taka totur a babban titi, motar ta yi wani ruri da bai taɓa ji ba, ya kama kansa yana dariya shi kaɗai kamar yaro. Jassar ya sumbace shi a goshi a gaban kowa.

Juma'ar farko Hajji ya shiga, ya saurara, ya ce, "Masha Allah, ta yi murya." A hanya ya sauke gilashi duk da zafin, ya ce yana son iskar teku. Juma'a ta biyu ya ce gwiwa na ciwo, ba zai fita ba. Ta uku yana jiran baƙo, baƙon bai zo ba. Thamir ya ce a ransa tsufa ne, ya riƙa fita shi kaɗai ya haɗu da su Jassar. Haka rani ya wuce, sanyi ya shigo, lokacin da bakin teku ya fi daɗi, tsohon yana kujerarsa gaban talabijin.

Wata yamma Thamir ya sauko da makulli a hannu, ya tarar da mahaifiyarsa, Hajjiya Mudhi, tana tsince shinkafa a tsakar gida.

"Mama, gwiwar Baba fa? Ko in kai shi a duba?"

Ba ta ɗago ba. "Gwiwarsa ta fi taka lafiya."

"To me ya hana shi fita?"

"Kai hancinka ya mutu ne? Ranar nan da kuka dawo, sau biyu na wanke rigarsa, fetur bai fita ba. Kwana uku yana tari kamar zai amayar da huhunsa. Na ce zan gaya maka, ya rantse ya hana ni. Wai ya ga fuskarka da kana tuƙi, rabon da ya gan ka cikin farin ciki haka tun kana ƙarami." Ta watsar da wani ɗan dutse. "Ni ban gaya maka komai ba. Je ka, abokanka suna jira."

Bai je ba. Ya zauna cikin motar a ƙofar gida, ya tada ta, ya ja numfashi da gangan. Warin yana nan, har cikin kujeru. Watanni yana zaune a cikinsa bai ji ba.

Washegari ya koma wurin Garabet. Tsohon ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo.

"Ina kayan?"

"Na ce su zubar."

"Madalla. To je ka nemo."

Abin da kowa ya zubar ya fi komai wuyar samu. Thamir ya shiga bin filin tarkacen motoci na Amghara duk Asabar, yana leƙa gawarwakin motoci, yana ƙona yatsu a ƙarfe. Ya samu kwamfuta, wayoyinta a yanke. Ya samu wayoyi, ɓera ya ci rabi. Kaburetar sai daga wani mutum a Dammam. Jassar ya yi masa tsiya har ya gaji, daga baya ya ji dalili, ya kawo masa gwangwanin tururin da ya tono daga ɗakin ajiyar ƙaninsa. A tsakanin nan Thamir ya gwada fita da tsohon a sabuwar motar gidan. Hajji ya zauna a miƙe kamar mai zuwa asibiti, bai nuna komai ba, bai nemi shayi ba.

Aikin ya ci fiye da shekara. Da Garabet ya gama, motar ta koma yadda take a da, mai laushin murya, mai nauyin tashi, ba wari. Amma ƙirjin Hajji bai jira ba. Yanzu da tulun iskar numfashi na asibiti yake yawo, likita ya hana shi daɗewa a waje. Thamir ya sani ba motar ce ta jawo hakan ba, kowa ya gaya masa. Abin da ba wanda ya iya cire masa shi ne lokutan sanyin nan biyu da tsohon yake da ƙarfin zuwa teku, ya ƙare su gaban talabijin.

Suna fita har yanzu ranar Juma'a. Hajji yana turara rigarsa, a ɗora tulun tsakanin ƙafafunsa, su zaga unguwa, su wuce masallaci da kantin unguwa, su dawo kafin ya gaji. Teku ya yi nisa.

Na tambayi Thamir ko ya taɓa neman gafarar mahaifinsa. Ya juya kofin shayinsa a kan faranti.

"Sau ɗaya na buɗe baki, muna tsaye a fitilar hanya. Na ce, Baba. Ya ce in duba gabana, ta ba da kore."