Ƙarshen Labarin da Inna Ta Ƙunshe Gyaɗa da Shi

Ranar wata Alhamis, shekarar da na shiga aji biyar, Inna ta dawo daga Kasuwar Libiya ta birnin Omdurman da buhun tsofaffin takardu a ka, ta zube shi a tsakar gidanmu na unguwar Kalakla. Gyaɗa take soyawa tana sayarwa a bakin titi, ni kuma aikina in yage takardu in naɗa ƙunshi. Ina cikin tonon buhun na ci karo da wani littafin Larabci marar bango. Na leƙa shafin farko, sai ga gawar likitan sarki a gefen tafkin lambu, a wata fadar marmara, zamanin sarakunan Mugal a ƙasar Hindu. Ko ƙunshi ɗaya ban naɗa ba ranar, na kuwa sha faɗa.

A lokacin Baba ya daina fita. Ya baro gonakin audugar yankin Jazira yana saurayi, ya yi shekaru yana walda a unguwar Alshajara har wutar ta cinye masa idanu, ga tari da ke ƙara cin jikinsa. Mutum ne mai son gardama, amma ya koma shiru, sai tasbaha. Littafin nan ne ya dawo mana da muryarsa. Kullum bayan la'asar, in na share gida na wanke kaskon suya, sai in zauna gefen gadonsa na igiya a ƙarƙashin rumfa, in karanta da Larabci in juya masa da Hausa. Yakan jera ƙwallayen dabino a kan zanen gado, wannan waziri, wannan mai kula da giwaye, wannan mai haɗa wa sarauniya turare, yana lalubensu da yatsa. Tun ba a je ko'ina ba ya yanke hukunci. "Ya bitti, 'yata, mai turaren nan ne. Ladabinsa ya yi yawa." In na ce waziri ne, sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ba abin da yake so kamar ya ji ƙarshen.

Mun yi sharaɗi da Inna: na sa tsinken tsintsiya a inda muka tsaya, abin da muka karanta nata ne, ta yage ta ƙunshe gyaɗa. Inna ba ta yi karatu ba, littafin kuma ba shi da bangon da zai nuna gaba da baya. Wata rana ina makaranta takarda ta ƙare mata, ta tarar da shi a kife, ta yage gefen da ba mu kai ba. Na ruga bakin titi ina tsintar takardu masu maiƙo a ƙasa, ina kuka, masu jiran bas suna kallona. Biyu kawai na samu, kuma babu sunan mai kisan a ciki. Inna ta riƙe hannuna. "Don Allah, Hajara, kada ki gaya masa."

Ban gaya masa ba. Da la'asar na ɗauki littafin lissafina, ina juya shafuka don ya ji ƙararsu, na ƙago masa ƙarshe. Na sa alƙalin fada ya gano guba a kwalbar turare, na sa mai turaren ya durƙusa ya amsa laifinsa. Baba ya tashi zaune, abin da ya kwana biyu bai iya ba, ya ƙwala wa Inna kira. "Kin ji ko? Idona ne ya tafi, ba kaina ba!" Inna ta ce ta ji, ta juya baya tana share hawaye da gefen mayafi. Bai kai Babbar Salla ba.

Yau ina Omdurman, gidan Kalakla ba kowa, Inna ma ta bi shi. 'Ya'yana Larabci ya fi musu sauƙi a baki, labari kuwa ba sa jiransa har la'asar, a waya suke gama shi. Bara babban ɗana ya ji na ba da wannan labari, kafin shayi ya huce ya nemo littafin dukansa a wayarsa, ya miƙo mini ita yana murna, ya ce ga ƙarshen nan. Na daɗe ina riƙe da ita, sannan na mayar masa, na roƙe shi kada ya faɗa mini komai. Ina kewar Baba ƙwarai, kuma in har ya yi kuskure, ba na son in sani.