Baba Ya Ce Saura Mutum Ɗaya

Abubuwa da yawa sun same ni a London waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma wata Lahadi guda a asibiti, da abin da na faɗa wa likita washegarinta, ba na jin zan manta da su muddin ina numfashi.

A ƙarshen shekarun tamanin ne. Ina da shekara ashirin da biyu, muna zaune da Baba da Umma a wani flat na council, irin gidajen hayar nan na ƙaramar hukuma, a unguwar Thamesmead, hawa na shida. Tun ina ɗan shekara tara muka baro Kano, don haka Baba kan yi mini magana da Hausa, ni kuma in ba shi amsa rabi da Turanci. A lokacin ƙwallon Amurka ta shigo Ingila da ƙarfinta, irin wadda ake sa hular kwano ana bangazar juna, kuma duk Lahadi da yamma ana nuna ta a talabijin. Ni dai ta shiga raina sosai. Na haddace dokokinta kaf, har na shiga wata ƙungiyar 'yan unguwa muna atisaye a wani fili mai taɓo kusa da kogi. Baba bai taɓa zama ya kalla ba. Da na kunna sai ya ɗauki jaridarsa ya shige ɗaki, ni kuma na ɗauka raina wasan ya yi.

Wata safiya yana alwala ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mutumin da ya yi shekaru yana rubuta rahoto da Turanci a ofis, sai ga shi Turancin ya ɓace masa gaba ɗaya. Hausa ce ta rage, ita ma kalma biyu ko uku a lokaci guda, da ƙyar. Umma ba ta jin Turanci sosai, saboda haka ni na zama tafinta tsakaninsa da likitoci.

Bayan mako uku babban likitan ya zaunar da ni. Ya ce hanya biyu ce. Akwai sashen da ake koya wa masu irin wannan ciwo tafiya da magana, amma gadajensa kaɗan ne, sai wanda hankalinsa ke tare da shi, wanda zai iya bin abin da aka ce masa. In kuwa ciwon ya taɓa hankalin, to sai ɗakin da ake ajiye tsofaffi a riƙa kula da su kawai.

"Mu ba ma jin yarenku," in ji shi. "Kai za ka gaya mana ko abin da yake faɗa yana da ma'ana."

Ranar Lahadi na tura Baba a keken marasa lafiya zuwa ɗakin da suke hutawa, inda akwai talabijin. Gaskiya don kaina na yi, ba na son wasan ya wuce ni. Na gyara masa bargo na zauna kusa da shi. Ba a jima da farawa ba na ga ya ɗaga hannun hagu yana nuna gilashin talabijin ɗin, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Saura ɗaya," ya ce.

"Saura me, Baba?"

"Mutum. Saura ɗaya."

Na ce masa a'a, sun cika, mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare. Ya girgiza kai. Can kuma ya ce filin ya tsuke. Na ci gaba da kallona.

A wasan nan ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi goma, in ta kasa ta miƙa ƙwallo ga abokan karawa. Wata ƙungiya ta gwada sau uku ba ta kai ba, suka sake jeruwa. Sai Baba ya buga hannun kujerarsa.

"An gama. Uku."

"Baba, it's four. Huɗu ne."

"Uku."

Suka zaɓi su buga ƙwallon ta ratsa tsakanin sanduna don su sami maki uku. Ta kauce, ta fice ta bayan fili. Ba su sami komai ba, haka doka take. Baba ya juyo ya kama hannun rigata.

"A ba su ɗaya. Maki ɗaya."

A nan haƙurina ya ƙare. Akwai wasu tsofaffin Turawa biyu suna kallonmu, kunya ta kama ni. Na ce masa da murya sama-sama babu wani maki ɗaya, ya bari, bai san wasan nan ba. Ya saki rigata. Hawaye kawai na ga yana gangarowa ta gefen fuskar da ba ta motsi. Har yau in na tuna yadda na sa tishu na goge masa ina ci gaba da satar kallon talabijin, sai in ji na tsani saurayin nan da nake a lokacin.

Washegari likita ya tambaye ni. Na ce masa Baba yana faɗin lambobi barkatai, yana ganin abin da babu shi, ina jin ya rikice. Ya rubuta a fayil. A bas ɗin komawa gida Umma ta tambaye ni me muka tattauna, na gaya mata. Sai ta ce, "Ni dai idonsa nake kallo, kuma yana ciki." Na ɗauka son zuciyar mace ga mijinta ne kawai.

Ranar Laraba na tarar da wata Baturiya doguwa a gefen gadonsa tana miƙar masa da ƙafa. Ita ce physio, mai motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi. Ta ga rigar ƙwallon da ke jikina mai ƙatuwar lamba, ta yi dariya ta ce ashe ni ma ina cikin masu bin wasan maƙwabtansu. Na tambaye ta daga ina take, ta ce Kanada.

"Namu ya fi naku wuya," ta ce tana tsokanata. "Ku dama huɗu ake ba ku. Mu uku ce."

Maganar Baba ta ranar Lahadi ta faɗo mini a rai. Na ce mata mutum nawa ne a fili. Ta ce goma sha biyu, kuma filinsu ya fi tsawo ya fi faɗi. Na sake tambayar ta, in aka buga ƙwallo ta kauce wa sanduna ta fice ta baya fa?

"Maki ɗaya," ta ce. "Mu kaɗai muke da wannan. Ya aka yi ka sani?"

Na san Baba ya yi karatun aikin gona a Kanada kafin ya auri Umma. Akwai ma hotonsa a falo cikin wata jibgegiyar rigar sanyi. Amma ban taɓa haɗa wannan da komai ba, ban ma san suna da tasu ƙwallon daban ba. Duk abin da ya faɗa ranar Lahadi daidai ne, ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙirga 'yan wasa, ya bi damar da aka buga, ya lura da faɗin fili, ya tuna dokar da ya sani tun kafin a haife ni. Mutumin da ya yi wannan hankalinsa garau yake.

Na durƙusa a gaban gadon. Ban san lokacin da Hausa zalla ta fito daga bakina ba.

"Baba, na Kanada kake nufi? Goma sha biyu?"

Ya dube ni, ya dubi matar, ya lumshe ido. "Sha biyu," ya ce a hankali, kamar wanda ya sauke kaya.

"Ka yafe mini, Baba. Ni ne ban sani ba."

Ya ɗora hannun hagunsa a kaina ya bar shi a nan.

Ban jira an kira ni ba, na bi likitan har ofishinsa na ce abin da na gaya masa kuskure ne. Physio ɗin ta biyo ni ta ba da shaida. Ta koma da takarda ta zana filin ƙwallo, ta riƙa yi wa Baba tambaya ina fassarawa: ina ake kafa sanduna? Ya nuna layin gaba, ba na can baya ba kamar na Amurka. In aka kai ƙwallo gidan abokan karawa maki nawa? Ya ɗaga yatsu biyar, ya ƙara ɗaya. Likitan yana tsaye yana kallo. Kafin mako ya zagayo aka ba Baba gado a sashen koyon tafiya.

Wata huɗu ya yi a can. Turancin bai dawo duka ba, amma Hausar ta dawo, kuma ya fito da ƙafarsa yana dogara sanda. Baturiyar nan 'yar Kanada ta sa ƙaninta ya aiko mana da kaset ɗin bidiyo na wani wasansu. Ya ƙi yi a na'urarmu, sai da na kai shi wani shago a Lewisham aka juya shi. Muka kalla mu uku da rana, Umma tana yanka kuɓewa a faranti tana tambayar me ya sa suke ta faɗuwa a kan juna.

A ranar ya ba ni labari, yana yi yana hutawa. Ya ce shekararsa ta farko a Kanada ba shi da kowa, sanyi da kaɗaici sun kusa koro shi gida. Wani tsoho da yake haya a gidansa ne ya ja shi filin wasa, ya ba shi safar hannu da shayi a fulas, ya riƙa koya masa dokokin da haƙuri. Ya ce a nan ya fara jin shi ma mutum ne a garin.

Na ce, "To Baba, me ya sa ba ka taɓa zama ka kalla da ni ba?"

Ya yi ɗan murmushin nan nasa na gefe guda. "Ba ka taɓa cewa in zauna ba."

Shekara shida ya ƙara a duniya, kuma kusan duk Lahadi muna tare a kujera ɗaya, yana kushe wasan Amurka ina kare shi. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Yanzu na kai shekarun da yake da su a lokacin. Na kusa sa a rufe mahaifina a ɗakin da ba a fita, ba don mugunta ba, sai don na ɗauka iyakar abin da na sani shi ne iyakar abin da ke akwai. Tun daga nan, in tsoho ko mara lafiya ya faɗi maganar da ta yi mini kama da shirme, ba na saurin gyara masa. Nakan matso da kujera in ce, "A ina ka san haka? Ba ni labari."