Juyen Farko na Motar Yayana

Shekarun baya, a shekarar da aikin Hajji ya faɗo tsakiyar kaka, yayana ya sayi mota sabuwa dal. Ƙaramar motar ɗaukar kaya ce, fara, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Shekara da shekaru yana noman gyaɗa da dawa a garinmu, can ƙasar Karaye, yana hayar motar wasu, sai a wannan karon Allah ya nufa ya mallaki tasa. Kwana tara da zuwanta jirginsu na zuwa Hajji ya tashi.

Ni kuwa lokacin na gama makaranta ina zaman jiran aiki. Na iya tuƙi, na iya Turanci, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ranar da zai tafi ya kira ni zaure, a gaban mahaifiyarmu, ya miƙo mini makulli.

“Ga amana nan,” ya ce. “Ka kwaso amfanin gona, namu da na duk wanda ya nema. Abu ɗaya na roƙe ka: idan ta yi sati uku tana aiki, ka kai ta Rogo wurin tsohon bakaniken nan a yi mata juyen baƙin mai. Shi ya ce sabon inji ba a barinsa ya daɗe da man farko.”

Na ce, “In sha Allahu, Yaya.”

Yana fita na ɗauko littafin da motar ta zo da shi. Na buɗa, na ga an rubuta ƙarara cewa sai ta yi tafiyar kilomita dubu biyar za a canja mai. Na yi murmushi ni kaɗai. Wato waɗanda suka ƙera mota sun faɗi magana, sannan wani tsoho da ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba zai zo da wata? Na rufe littafin, na rufe zancen.

Aiki ya kankama. Kullum da sassafe ina gona, yau Yammedi, gobe Rogo Ruma, jibi bayan garinmu. Ba wata tafiya ce mai nisa ba. Mota tana rarrafe a giya ta ɗaya tsakanin kunyoyi, ta tsaya a loda buhunan gyaɗa, ta matsa gaba kaɗan a ɗora harawa, ƙura da ƙaiƙayi sun turnuƙe ko'ina. Kuma bari in faɗi gaskiya tunda abin ya wuce: ba na kashe ta. Tun hantsi har la'asar injin yana kunne, ni ina ciki na rufe gilashi ina shan sanyi, masu lodi suna zufa. Idan an tambaye ni sai in ce yawan kashewa da kunnawa yana lalata mota. Ni kaina ban san inda na samo wannan fatawar ba.

Sati uku ya zo ya wuce. Na dubi lambar da ke gaban sitiyari, ko ɗari bakwai ba ta kai ba. Na ce da saura.

A sati na biyar mahaifiyata ta tare ni a tsakar gida. Ana ginin sabon ɗaki a sashen yayana, ana so a rufa kafin ya dawo, kuma kafinta ya ce sai an shafe katakon da tsohon baƙin mai saboda gara. A wajenmu garar nan ba ta da kunya, katako ɗanye ko shekara biyu ba ya yi.

“Ina man da aka juye daga motar yayanka?” ta tambaye ni. “Kafinta yana jira.”

“Ai Inna ba a juye ba tukuna. Lokaci bai yi ba.”

“Ba sati uku ya ce maka ba? A gabana fa aka yi.”

Na gyara tsayuwa na fara yi mata bayanin kilomita. Ta bar ni sai da na kai aya, sannan ta ce, “Ni ban san kilomita ba, gara na sani. Ba zan aika a sayo ƙazantar motar wani ba alhali ga tamu a ƙofar gida. Gobe ka ɗauki jarkar can ka kawo mini.”

Da Inna ba a ja. Washegari na kama hanyar Rogo ina ta ƙunƙuni, a raina ina cewa za a zubar da mai lafiyayye saboda katako.

Na tarar da tsohon a ƙarƙashin dalbejiya yana wanke wani ƙarfe. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi labarin alhazai, na ce muna jin alheri. Ya zagaya motar yana shafa ta, sannan ya ɗaga murfin inji ya zaro geji, wato siririn ƙarfen nan da ake auna mai. Ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Sai na ga fara'arsa ta ragu.

“Ɗana, yaushe rabonka da duba wannan?”

“Ai sabuwa ce, Baba.”

Ya nuna mini. Man iyakarsa can ƙarshen ƙarfen, bai ma kai layin ƙasa ba. Ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi da kwano ya kwance noti. Abin da ya zubo cikin kwanon baƙi ne wuluk, mai kauri, yana saukowa a hankali kamar kunun da ya kwana. Ya fito da kwanon cikin rana ya karkata shi. Wasu ƙananan abubuwa suna ta ƙyalli a ciki.

“Garin ƙarfe ke nan,” ya ce. “Sabon inji dole ya zubar da shi, haƙoransa ne suke zama. Shi ya sa ake gaggauta juyen farko. Idan aka bar shi, shi zai koma yana cin injin. Awa nawa take yi a kunne kullum?”

Na faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa. Na ƙara da cewa littafi dai dubu biyar ya ce.

“Lambar nan taya take ƙirgawa, ba wahalar inji ba. Mota tana tsaye a gona tana ci, lamba tana barci. A irin tafiyarka, kafin ka kai dubu biyar an yi shuka. Ɗauko littafin naka. Ni ban iya karantawa ba, amma ka duba gaba, ba za su rasa faɗa ba.”

Na buɗa. Shafi biyu kacal bayan inda na tsaya, ga shi nan: idan mota tana aiki cikin ƙura, ko da kaya masu nauyi, ko tana daɗewa a kunne a tsaye, kada a jira wancan adadin. Duka ukun ni ne. Na karanta masa da bakina, na fassara masa da Hausa, kunya kamar in nutse.

“Baba, ta lalace?”

“Ban sani ba tukuna.”

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Gumin yayana na shekaru ne a gabana, mutumin yana can yana ɗawafi hankalinsa kwance, ya bar wa ƙaninsa mai ilimi. Na zauna a kan wata tsohuwar taya.

Tsohon ya cire filtar mai ya fasa ta, ya baje takardar ciki yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ciro ta iska ya buga a ƙasa, ƙaiƙayin gyaɗa ya zubo har da tsibi. Ya sa sababbi, ya zuba sabon mai, ya ce in tayar. Sai ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin injin, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya rufe ido. Ya matsa nan, ya matsa can. Ni dai bakina salati kawai yake yi.

Can ya ɗago ya goge hannu.

“Ba ta ji ciwo ba. Gari ne kawai, babu ɓaraguzai. Amma da ka ƙara sati biyu a haka, da ba wannan hirar muke yi ba. Wa ya ce ka kawo ta yau?”

“Inna. Man take so, za a shafa wa katako.”

Ya yi dariya har da tari. “To ka je ka gaishe ta da kyau.”

Na dawo gida ina tuƙi a hankali, gilashi a buɗe, jarka a baya. Na ajiye wa Inna jarkar. Ta leƙa ta ce, “Ɗan wannan ne duka?” Na ce shi ke nan abin da ya rage.

Bayan kwana goma alhazai suka sauka. Sai da baƙi suka ragu, kwana uku, sannan yayana ya fito wurin motar, ni ina biye. Ya tambaya ko an yi juyen a sati ukun. Na riga na shirya amsa mai santsi, amma mutum ya dawo daga Makka ko hularsa bai canja ba, sai na kasa. Na faɗa masa komai, har shan sanyin ban ɓoye ba.

Ya ɗaga murfi, ya zaro geji ya duba, ya tayar da ita ya saurara. Ni na riga na ciro makullin ajiya daga aljihu ina jiran ya karɓe.

“Riƙe,” ya ce. “Gobe akwai dawa a Yammedi. Idan ka isa ka kashe ta, ka fito ka kama musu lodi.”

Har yau motar tana aiki, fentin ne kawai ya koɗe. Ban daina yarda da littafi ba, amma na koyi karanta shi har ƙarshe, na kuma koyi cewa idan wanda ya shekara talatin hannunsa cikin baƙin mai ya yi magana, sai in fara saurara kafin in yi murmushi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yayana bai taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa, ko sau ɗaya. Ni ne dai duk lokacin da na tuna, sai na sauke ajiyar zuciya in ce alhamdu lillahi, domin saura ƙiris in tari mutumin nan daga Hajji da mataccen inji.